Tsoro a cikin kwamitin aiki: me ke kawo shi?

Tun daga shekarar 2023 tallafin ƙasashen waje ya ragu a Nijar. Wasu ayyuka suna hannun kwamitocin ƙauyuka. A nan ne tsoro yake shigowa. Ma'aji yana tsoron a ce ya ci kuɗi. Wadda ba ta yi karatu ba tana tsoron tambaya, kada a yi mata dariya.

Dubi ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda CARE ta fara a jihar Maradi a 1991. Yawancin matan ba su iya rubutu ba, amma sun riƙe asusunsu. Ana zuba kuɗi a gaban kowa, a ƙirga da babbar murya, kowace ta haddace abin da ke cikin akwati. Makullan kuma ba sa zama a hannun mutum guda. Ashe ɓoye lissafi ya fi rashin karatu haifar da zargi.

In kana cikin kwamitin rijiya ko na bankin hatsi, ka nemi a karanta lissafi a kowane taro. Wanda ya faɗi kuskurensa, a gyara tare da shi, kada a kunyata shi.