WA ZA TA CANKA? MAGANA GA 'YAN UWANA MASU SANA'A A WAYA

Rubutun yana da ɗan tsawo, a daure a kai ƙarshe kafin a zo min da faɗa a ƙasa.

Jiya bayan sallar isha'i na buɗe WhatsApp na tarar da saƙonni sama da 600 a wani guruf ɗin sayar da kaya da nake ciki. Gabana ya faɗi, na ɗauka rasuwa aka yi ko wata aka damfara. Ina shiga sai na ga ashe admin ce ta ɗora hoton kwalba cike da dabino, ta ce duk wadda ta canki adadinsa daidai tana da katin naira 500. Mata fiye da ɗari, 'yan mata da matan aure, har da wata da na san ta yi jika, kowa sai jefa lamba take: 47, 52, 60, "admin don Allah ki duba tawa". A tsakiyar wannan ruwan lambobin wata baiwar Allah ta tambaya ko akwai sauran shaddar da aka ɗora da safe, kuma nawa ne kuɗin kai wa Zariya. Na bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, har gari ya waye babu wadda ta tanka mata. Ita kaɗai ta zo da kuɗi a hannu a daren, kuma ita aka yi wa banza.

Wannan ne ya sa na ce yau sai na yi maganar da na daɗe ina haɗiyewa.

Ba daga gefe nake magana ba. Shekarata shida ina sayar da atamfa da leshi da mayafai ta waya, daga Kantin Kwari nake sarowa. Wannan wasan na yi shi da hannuna kusan wata huɗu. A wani ajin koyon kasuwancin intanet da na biya kuɗina na shiga aka koya mana cewa guruf ɗin da ba ya motsi matacce ne, dole ki riƙa tashin mutane da wasa. Na kuwa ɗauka da zafi. Duk Juma'a sai na saka: canki kuɗin wannan atamfar, canki mene ne a cikin ledar nan, canki watan da aka haife ni. Mutane suka yi ta shigowa. Iyakar abin da guruf ɗin WhatsApp ke ɗauka mutum 1,024 ne, ni kuwa na kusa cikawa. Ina ta jin kaina, har ina ba wasu shawara su ma su fara.

Sai wata rana na ɗauko littafin da nake rubuta oda, na zauna da biro. Na jera sunayen waɗanda suka taɓa cin kyauta a wajena, mutum 16. A cikinsu waɗanda suka taɓa sayen ko da ɗankwali su biyu ne, kuma su biyun dama kwastomomina ne tun kafin wasan. Na juya shafin baya na duba manyan masu sayayyata. Wata Hajiya da na haɗa wa lefen ɗanta biyu, ashe ta fita daga guruf tun wata uku ban lura ba. Na kira ta ina jin kunya. Ta ce min, "'Yar nan, wayata ba ta hutawa, caji ma ba ya kwana. In kin kawo sabon kaya ki turo min ni kaɗai." Da na bi sauran, yawancinsu sun kashe ƙarar guruf ɗin, ba sa ma buɗe shi. Taron tsintsiya ba shara na tara, na kori masu sharar.

Ga abin da masu koya mana ba su faɗa ba, wataƙila su ma kwafowa suka yi. Dabarar nan ta Facebook da Instagram ce. A can na'ura ce ke zaɓar abin da mutum zai gani, kuma in ta ga ana ta kwament a ƙarƙashin rubutu sai ta ƙara tura shi gaba. A cikin guruf ɗin WhatsApp babu wannan na'urar. Saƙo bi da bi yake zuwa, na ƙarshe ya danne na farko. Duk lambar da aka jefa, hoton kayanki take ƙara turawa sama inda babu mai komawa. Kin sa data kin ɗora leshi kala goma, kin kuma sa kuɗinki kin ɗauko mutum ɗari su binne shi. Wace irin dabara ce wannan fisabilillahi?

Ko a Facebook ɗin ma, tun watan Disamba na 2017 kamfanin ya fito ya sanar cewa zai riƙa rage yaɗuwar rubutun da ke roƙon a danna laik, a yi kwament, a kira sunan ƙawaye ko a tura gaba. Abin da suka gano shekaru da dama da suka wuce, shi ake sayar mana yau a matsayin sabon sirri. Kuma ko da wasan ya kawo miki mabiya, su wa ya kawo? Masu jiran kati. Gobe in kin ɗora atamfa, su ne za su gan ta su wuce, na'urar kuma ta ɗauka kayanki ba sa jan hankalin kowa.

Sai mu zo kan kuɗin. Kyautar nan ba daga sama take faɗowa ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Ko dai daga 'yar ribarki take fita, ko kuma kin ɗora ta a kan farashi. In ta biyun ce, to mai sayen kayanki ita ke biya wa wadda ba ta taɓa saya ba. Iyayenmu ba haka suka yi kasuwanci ba. Su gyara suka sani. Ka sayi ƙosai a ƙara maka biyu, ka auni gero a ɗora maka hannu guda. Dillaliyar da ke shiga gida gida ta san matar da ke saya a wajenta duk shekara, ita take yi wa ragi, ita take ɗaga wa ƙafa in wata bai yi ba. Gyara na wanda ya saya ne. Mu mun kifar da abin, mai saya ta biya cif, 'yar kallo ta tafi da tukuici.

Duk wannan asara ce ta aljihu, mai sauƙi ce. Abin da ya fi tsorata ni shi ne inda wasan yake gangarawa.

Da kyauta ake farawa, kowa ta canka. Bayan 'yan makonni sai a ce sai wadda ta yi sayayyar dubu goma a satin nan ce za ta shiga. Nan za ki ga mace ta sayi mayafin da ba ta buƙata don kawai sunanta ya shiga. Daga nan sai mataki na uku, wanda na gani da idona a guruf fiye da ɗaya: "Mutum 40 nake nema, kowa ta turo 500, ta zaɓi lamba daga 1 zuwa 40. Wadda lambarta ta fito ta ɗauki atamfa." Ku yi lissafin da kanku. Dubu ashirin aka tara. Atamfar in ta yi tsada dubu goma sha biyu ce a sari. Mutum ɗaya ta samu zani, 39 sun rasa kuɗinsu, admin ta soke dubu takwas ba ta sayar wa kowa komai ba. 'Yan uwa, wannan sunansa caca. Ko an sa masa hoton fure, ko an rubuta "wasan nishaɗi" da Bismillah a sama, caca ce. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida tare ta haɗa caca da giya a wajen hani, kowa ta je ta buɗe ta gani. A 2024 da Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo, mu ne muka cika sitatus da Allah Ya ƙara. To ga ta nan mun shigo da ita har ɗakin barcinmu, da kuɗin cefane. Mataki na biyun ma kada wadda ta yi wa kanta fatawa, ta kai wa malami ta faɗa masa yadda abin yake ba tare da kwaskwarima ba.

Sannan wa ya ƙirga dabinon? Amsar tana wajen mutum ɗaya, kuma sai an gama jefa lambobi take faɗa. In ta ga dama ta ce 58, in ta ga ƙawarta ta ce 61 sai ya zama 61. Akwai masu tsoron Allah da yawa, na sani, ni ma ban taɓa murɗe nawa ba. Amma ko ni a lokacin babu yadda zan iya tabbatar wa kowa gaskiyata. Na san guruf ɗin da ya watse a kan haka: suna ɗaya ya ci sau uku a jere, aka bincika aka gano layin admin ne na biyu. Ranar ba wasan kaɗai ya mutu ba. Matar da ta kama ki da ƙarya a kan katin 500 ba za ta tura miki dubu tamanin ta jira kaya a tasha ba. Mu masu sayarwa a waya ba mu da shago, ba mu da maƙwabcin rumfa da zai tsaya mana. Mutum bai taɓa ganin fuskarki ba yake tura miki kuɗi. Amana ce kaɗai jarinmu, da ita kuma muke wasa.

Akwai kuma haɗarin da muke jefa mutane ciki ba mu sani ba. A guruf ɗin WhatsApp kowa yana ganin lambar kowa. Da zarar an ji ana rabon kati, har waɗanda ba mata ba sai su shigo da hoton mace. Sai admin ta ce "kowa ta ajiye akawun ɗinta". Yawancinmu OPay ko PalmPay muke da shi, lambar akawun ɗin kuwa ita ce lambar wayar mutum in an cire sifilin farko, kuma duk wanda ya saka ta a manhajar banki zai ga cikakken suna. Ɓarawo ya samu sunanki, ya samu lambarki, ya kuma san kyauta kike jira. Washegari sai kira: "Hajiya wance, daga guruf ɗin su wance ne, kin ci kyautar jiya. Za ki ga lamba shida ta shigo miki, karanto min." Tana karantowa WhatsApp ɗinta ya tafi. Haka aka yi wa 'yar ƙanwar babata. Kafin magariba an bi danginmu kaf da sunanta ana cewa tana asibiti a taimaka, kuma mutum biyu sun tura. Lamba shidan nan ba a ba wa kowa ita, ko da admin ce da kanta ta kira.

Na san abin da za a ce min. Za a ce ai taimako ne, mutane suna cikin hali. Wallahi na sani. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa yake ji a jikinsa, a farkon 2025 kuma hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Don haka 500 ba ƙaramin abu ba ce a wajen wata. Amma shi ya sa ma abin yake min ciwo. Matar aure da 'ya'yanta tana rubuta "admin ki tausaya min ko 200 ce" a gaban mutum dubu, ta ƙone datar da ta fi kyautar, a ƙarshe ta tashi ba komai. In sadaka kika yi niyya, kin san masu buƙata a cikin guruf ɗinki, tura musu a ɓoye. In talla kike yi, to kada ki yi ta da yunwar mutane ki kira shi taimako.

Za a ce ai nishaɗi ne. Ni ma ina son nishaɗi. Amma kacici-kacicin da muka taso da shi akwai tunani a ciki, in ka kasa ka ba da gari a faɗa maka amsa, kowa ya ƙaru. Jefa lamba daga 1 zuwa 100 wace basira ce a cikinsa?

Za a kuma ce to kasuwa babu, me za mu yi? Wannan ce tambayar da ta cancanci amsa. Ni dai ga abin da na koma yi. Na rufe guruf, ni kaɗai ke ɗora kaya, ina buɗe shi awa biyu da yamma don tambaya. Kowane hoto da kuɗinsa da yawan yadinsa a jiki, na daina "ki biyo ni ta ciki ki ji farashi". In ina son jin bakin mutane, tambayar da za ta amfane ni nake yi: wace kala zan saro na Sallah, wane leshi ne ya ba ku kunya bara. In atamfa tana zuba, ina faɗa tun kafin a saya. Kuɗin da nake kashewa a kati kuma na mayar da shi gyara: wadda ta saya sau uku, na huɗun ni ke biyan kuɗin mota. Da na daina wasan, mutane suka yi ta fita har muka dawo ɗari uku da wani abu. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Ƙarshen wata na buɗe littafi, oda ba ta ragu ba. Hajiyar nan ma ta dawo, ta kawo min ƙanwarta.

Wadda ta ji zafin maganata, kafin ta ba ni amsa ta ɗauko littafin odarta. Ta rubuta sunan duk wadda ta taɓa cin kyautarta, ta duba nawa ne a cikinsu suka taɓa turo mata alat na kaya. In lissafinta ya bambanta da nawa, ta zo ta faɗa a nan, zan karɓa. Masu tara ɗari biyar-biyar kuwa, ku ji tsoron Allah ku mayar wa mutane kuɗinsu. Daga yau duk guruf ɗin da na ga ana wannan, zan yi magana sau ɗaya, in ba a daina ba in fita.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya tsare mu da cin haram, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.

Af, babu katin waya ga wadda ta fara yin kwament.