Shingen Jema Tsakanin Kwata Da Lambu

Jama'a, damina ta ƙarato, don haka muke jan hankalin manoman da gonakinsu ke bakin gari, tun ba ma masu lambu a gefen Jakara da Chalawa a Kano ba.

Ruwan da ke gangarowa daga titi da kasuwa da garejin makanikai ba ruwan sama ne tsantsa ba. Yakan kwaso dalma daga tsofaffin batura da ake fasawa, da tutiya daga tayar mota da kwanon rufi, ga kuma kuromiyam da ake jima da shi a masana'antun fata. Ruwan farko shi ya fi kowane dauɗa. Waɗannan ƙarafa kuwa ba su ruɓewa kamar taki. Sai su zauna cikin ƙasa shekara da shekaru, alayyafo da latas su sha, mu kuma mu ci. Mai shakkar sharrin dalma ya tuna da Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya ta hallaka yara fiye da 400.

To, ga dabara mai araha. Yawancin ƙarafan nan manne suke da lakar da ruwa ke ɗauke da ita. In ka dasa jema a gicciye, gindi kusa da gindi, layi biyu ko uku tsakanin kwata da lambunka, ruwa zai rage gudu, laka ta kwanta a bayan shingen, saiwa ta riƙe ta. Tun shekarun 1980 Bankin Duniya ya yaɗa 'yar'uwar jema a Indiya don hana zaizayar ƙasa.

Amma a yi hattara. Ciyawa tana tare guba ne, ba ta kashe ta. Kada a ba dabbobi ciyawar shingen, kada a zuba tokarta a gona, kada kuma a kwashe lakar da ta taru a kai ta fadama da sunan taki. A haƙa rami nesa da rijiya a binne.

Kuma shinge bai ɗauke wa mai masana'anta nauyin tace ruwansa ba. Wannan aikin Hukuma ne ta tsaya a kai. Namu shi ne mu nemo jema tun yanzu, mu dasa da ruwan farko. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.