Ma'aikacin tsabta da rijiyoyin Korgom

A garuruwanmu da an ambaci ma'aikacin tsabta, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne tara: mai ratsa kasuwa yana tsawata wa masu tuwo, yana sa a zubar da abincin da ya kwana. Maƙwabtanmu na Najeriya duba-gari suke ce masa. To amma kasuwa ɓangare ne ƙanƙane na aikinsa. Babban aikin yana bakin rijiya, inda ba kowa ke lura da shi ba.

Mu ɗauki Korgom, cikin gundumar Tasawa, jahar Maraɗi. Ƙauyuka ne warwatse cikin rairayi, inda mutane da bisashe ke shan rijiya guda. In ma'aikacin ya isa ƙauye, zai duba ko daɓen simintin bakin rijiya ya tsage, ko ana yada guga da igiya cikin taɓo, ko kwamin shan dabbobi ya matso kusa. Zai auna tsakanin masai da rijiya, domin ƙa'ida ita ce kada tazarar ta gaza mita 30. Zai koya wa mata zuba ruwan jabel a randa bisa awo, a jira minti 30 kafin a sha. Daga nan ya leƙa mahauta: binciken nama na ma'aikacin dabbobi ne, amma jini da kashin da ke tara ƙuda nasa ne. A gidan likita kuwa, shi ke tabbatar da an ƙone alluran da aka yi aiki da su, ba a watsar inda yara ke wasa ba.

Mai tambaya zai ce: wannan zirga-zirga me ta haifar? Amsa tana ga kurkunu. A shekarar 1991, bincike ya gano mutum fiye da 30.000 masu fama da shi a Nijar, manoma kwance a tsakiyar damina, gonakinsu na cike da haki. Kurkunu ba shi da rigakafin allura, ba shi da ƙwayar sha. Tace ruwan tabki da ƙyalle, hana mai ciwon tsoma ƙafa cikin ruwa, da bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, su suka kawar da shi, har ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta shaida a shekarar 2013 cewa ƙasarmu ta rabu da shi.

Amma bango bai daina tsagewa ba. A watan Yuli na 2018, cutar amai da zawo ta ɓulla a Madarunfa, ta kama mutum fiye da 3.800 a ƙasar, 78 suka riga mu gidan gaskiya. Ta sake dawowa a 2021. Hanyarta guda ce: bayan gidan mai ciwon ya haɗu da ruwan sha ko abinci. Inda ake fita daji, ruwan sama na farko ya isa ya kwaso ƙazanta zuwa rijiyar da ba ta da daɓe. Korgom kuwa ba ta da nisa da iyaka, ƴan kasuwa na kai da komowa, cuta ba ta tsayawa a duwan.

Doka dai ba a rasa ta ba: tun ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsabtar jama'a. Bayan zaɓen 2004 kuma, kowace komin ta samu magajin gari da majalisa masu tsara kasafin kuɗinta. Nan gizo ke saƙa. Ma'aikacin da ba shi da moto, ba isansi, ba maganin ruwa, iyakarsa kasuwar da ƙafarsa za ta kai shi. Shi ya sa talaka bai san shi da komi ba sai tara.

Saboda haka muna kira ga mahukuntan Korgom da na maƙwabta, daga Tasawa har Mayahi, su ware kuɗin rangadin rijiyoyi tun cikin rani, masu gari kuma su tara jama'a ranar da ya zo. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Buhun siminti a watan Afrilu ya fi araha bisa ga jigilar marar lafiya a amalanke cikin watan Agusta.