Aishatu Mindaudu: Daga Tsibirin Lete Zuwa Garin Beni

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga Kwatano ya san gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Amma ba kowa ke tuna cewa a cikin kogin nan akwai tsibirin da ya kusa haɗa Nijar da Dahome yaƙi ba. Tsibirin Lete ke nan, inda makiyaya da manoma suka daɗe suna taƙaddama. A ƙarshen 1963 abin ya yi zafi har aka kori ma'aikata ƴan Dahome daga Nijar, hanya ta toshe, kaya suka maƙale a tashar jiragen ruwa.

Rikicin ya yi shekara 40 yana ci kamar wutar ƙaiƙayi. A 2002 ƙasashen biyu suka kai shi gaban Kotun Duniya da ke La Haye, kuma wadda ta tsaya a matsayin wakiliyar Nijar ita ce ministar harkokin waje, Aishatu Mindaudu. Ba a banza aka ɗora mata wannan kaya ba, domin dokar ƙasa da ƙasa ita ce abin da ta karanta har ta sami digirin dakta a Faransa. Shari'ar ba ta ɗaga murya ba ce, ta tonon tsofaffin takardun Turawan mulkin mallaka ce, da taswirori, da awon zurfin ruwa, don a gano ta ina babbar hanyar jiragen ruwa take bi a 1960, lokacin da ƙasashen suka sami ƴancin kai. Ran 12 ga Yuli 2005 alƙalai suka yanke hukunci: daga cikin tsibirai 25, Nijar ta sami 16 har da Lete, Benin ta sami 9. Ba a harba harsashi ko ɗaya ba, kuma manyan motoci ba su daina ƙetare gadar ba saboda wannan magana.

Ta fara shiga gwamnati a 1995, a ma'aikatar jin daɗin jama'a da ci gaban mata. Ta riƙe harkokin waje a 1999 zamanin Dauda Malam Wanke, ta komo a 2001 ƙarƙashin Tanja Mamadu, ta zauna har 2010. A nan ne fa tabon yake. A 2009 Tanja ya rushe majalisar dokoki da kotun tsarin mulki, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ran 4 ga Agusta don ya zarce, CEDEAO ta dakatar da Nijar a watan Oktoba. Masaniyar doka ce ke kan kujerar da ake kare wannan aiki a idon duniya, kuma ba ta sauka ba sai da sojoji suka kifar da gwamnatin ran 18 ga Fabrairu 2010. Kowane ma'aikaci ya san nauyin wannan tambaya, ko a bi umarnin na sama ko a ajiye maɓalli a tafi. Sai dai uzurin da ake yi wa ƙaramin akawu ba shi ake yi wa minista ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauke ta a 2011 zuwa Darfur. A 2013 ta zama wakiliyar babban sakatare a Kodebuwa, ƙasar da rikicin zaɓen 2010 zuwa 2011 ya ci rai wajen 3000, ta shugabanci rundunar ONUCI har aka rufe ta a ƙarshen Yuni 2017.

Aikin da ya fi duka wuya ya zo daga baya. A 2020 ƴan jarida suka fallasa cewa a yaƙin da aka yi da cutar Ebola a gabashin Kwango, daga 2018 zuwa 2020, wasu ma'aikatan agaji sun riƙa neman mata da lalata kafin su ba su aiki, musamman a garin Beni. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta kafa kwamitin bincike mai zaman kansa, ta ba Aishatu Mindaudu da Julienne Lusenge ta Kwango shugabancinsa. Wato wanda ake tuhuma shi ya naɗa mai bincike, kuma an sha ganin irin wannan kwamiti ya zama ruwan wanke hannu.

Wannan bai zama ba. Rahoton da suka fitar ran 28 ga Satumba 2021 ya gano mutum 83 da ake zargi, 21 daga cikinsu ma'aikatan OMS ne. Bai tsaya ga masu laifin ba, ya hau har kan yadda ake tafiyar da hukumar: rashin shiri, da sakacin wasu manya da labari ya kai gare su amma ba su motsa ba. Shugaban hukumar, Tedros Ghebreyesus, ya nemi gafarar matan a bainar jama'a, aka sallami mutum 4, aka dakatar da manya 2.

Matan kuwa, a 2023 aka ji cewa abin da ya shiga hannun sama da 100 daga cikinsu shi ne dala 250 kowace.