Fatawar da Sababinta Ya Gushe

Ya zama ruwan dare a ɗakunan matanmu, har ma a bakin wasu ma'aikatan asibiti, cewa macen da aka yi wa aiki sau ɗaya aka ciro mata ɗa, to ta yi sallama da haihuwa da kanta har abada. Ni kuwa a ganina wannan taƙlidi ne tsagwaronsa, an riƙe lafazi an saki ma'ana, alhali malaman usulu sun karantar da mu cewa hukunci yana tafiya ne tare da sababinsa.

Maganar ta samo asali daga likita Edwin Cragin na Amurka a 1916, zamanin da ake tsaga mahaifa a tsaye ta samanta, inda nama yake da kauri, kuma nan ne naƙuda ta fi murɗawa. Tabon irin wannan yanka yana iya ɓarkewa tun naƙuda ba ta kankama ba, don haka a zamaninsa gaskiya ya faɗa. Amma a 1926 Munro Kerr na Birtaniya ya yaɗa yankan kwance a ƙasan mahaifa, inda nama ba shi da kauri, jini bai cika zuba ba, ɗinki kuma ya fi kamawa, kuma shi ake yi wa galibin mata a yau. Ɓarkewar wannan tabo a naƙuda ta gaba ba ta kai ɗaya cikin ɗari ba, kuma kimanin uku cikin huɗu na waɗanda suka jarraba suna sauka da kansu.

Ɓarnar tsohuwar fatawa ita ce, baiwar Allah da aka tsorata da wuƙa sai ta ƙaurace wa awo, ta yi naƙudarta a ƙuryar ɗaki, wataƙila har a yi mata allurar naƙuda daga kemis, wadda ke iya yaga tabo, a inda babu ɗakin tiyata, babu ledar jini. Sharaɗin jarrabawar kuwa asibiti ne mai iya shiga aiki nan take.

Kuma kada tabon mara ya ruɗi kowa, domin ana iya yanka fata a kwance, a tsaga mahaifa a tsaye. Takardar aiki ce kaɗai ke faɗa, kuma haƙƙin mace ne ta nemi a rubuta mata irin yankan kafin a sallame ta.