LAIFIN WAYA NE KO NA MASU WAYA?



A makon jiya wani ɗan'uwanmu mai awo daga Yargalma, ta ƙasar Bukkuyum, ya kawo mana kuka a ofis. Gero ya sayar ya saya wa ɗansa kwamfuta, ya ajiye masa a gidan da yake zaune a Gummi, don yaron ya riƙa duba wa mutane sakamakon jarrabawa yana buga musu takardu, ya sami na tuwo. Ya sayi akwatin intanet, wanda masu gyara ke kira rauta, ya haɗa su da waya. Amma tafiyar abin sai ka ce ta hawainiya. Sau uku yana kai wa mai gyara, sau uku yana biya, daga ƙarshe aka ce masa sai dai ya sayi sabuwa. Muka tambaye shi, shin a cikin zuwa ukun nan an taɓa auna saurin intanet ɗin a gabansa? Ya ce ko kusa.

To, jama'a, wannan ita ce cutar. Rashin sani ya fi dare duhu. Muddin mutum bai san inda ciwo yake ba, kowane mai magani ya samu sai ya ci kuɗinsa. Saboda haka muka ga ya wajaba mu bayyana yadda za ku gane da kanku ko laifin na cikin ɗakinku ne, ko kuwa na waje.

Da farko ku sani hanyar nan gaɓa uku gare ta. Akwai kwamfuta, akwai wayar da ta tashi daga gare ta zuwa akwati, sa'an nan akwai doguwar hanya daga akwati zuwa ƙarfen sabis, har ta kai Ikko inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suke fitowa. Biyu na farko naku ne, ta ukun kuwa ta kamfani ce da hukuma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, don haka mu fara da namu.

Ku kashe akwatin da kwamfutar, ku dakata kamar minti ɗaya, ku kunna. Ku bi wayar da hannu daga kai har kai, ku duba ko ɓera ya gaigaye ta, ko ƙofa ta datse ta, ko ƙurar hunturu ta cika ramin da ake soka ta. A cikinta akwai ƙananan wayoyi takwas. In duk suna lafiya, akwati da kwamfuta kuma na zamani ne, tana iya ɗaukar megabit 1,000 a daƙiƙa. In ɗaya ta tsinke sai ta faɗo 100, ko ta ƙi aiki ɗungum. Tsawonta kuma kada ya wuce mita 100. Kwamfuta da kanta tana nuna wannan lamba a wurin saitin sadarwa. In kuna shakka, ku ari wayar maƙwabci ku gwada, ba sai kun saya ba.

Bayan wannan ku duba su wa ke sha tare da ku. Rijiya ɗaya ce, in guga ya yi yawa kowa sai ya jira. Yaran gida da na maƙwabta da suka san lambar sirrin akwatin suna kallon fim a wayoyin hannu, ku kuna ɗaki kuna zagin kamfani. Ku sake lambar. Ita ma kwamfutar takan riƙa sauko da sabuntawa a ɓoye, ko kuwa wata mugunyar manhaja ta shige ta tana jan data ba da saninku ba. Ku rufe duk abin da ba ku aiki da shi. Akwatin kuma ku ɗaga shi kusa da taga, cikin inuwa, domin zafi yana kasala shi, bango mai kauri kuwa yana tare masa sabis.

In kun gama wannan duka, sai awo. Ku 'yan kasuwa ba a koya muku darajar mudu. Akwai shafuffukan da ke auna sauri kyauta. Ku cire kowa daga kan akwatin, ku auna da asuba, ku auna da azahar, ku auna bayan isha'i, har kwana bakwai, kuna rubutawa a littafi da rana da lokaci. Amma fa ku lura, mudun iri biyu ne. Kamfani da megabit yake talla, kwamfuta kuwa in tana sauko da kaya da megabayit take lissafi, megabit takwas ne megabayit ɗaya. Kada wannan ya ruɗe ku ku yi ƙarar da ba ta da tushe. In kwamfuta ta nuna wayarku na ɗaukar 100, awo kuwa ya nuna 2, kun ari wata wayar ba ta sake zane ba, to, wayarku ta kuɓuta. In da asuba abin na gudu, da dare ya kwanta, jama'a ce ta yi wa ƙarfen sabis yawa, ba kuwa mai gyaran da zai warkar da wannan ko da kun ba shi sa.

Nan ne maganar ta bar ɗakin talaka ta koma ƙofar manya. A watan Maris na 1960 ba mu da abin cewa, amma a watan Maris na 2020 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin ƙasa na shekara biyar, aka rubuta baƙi da fari cewa kafin ƙarshen 2025 mutumin birni zai sami aƙalla megabit 25, na ƙauye megabit 10. Wa'adin nan alkawari ne, ba mu muka roƙa ba. Kowa ya buɗe littafinsa na awo ya gani ko an cika masa mudunsa. A watan Janairu na 2025 kuwa hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta yarje wa kamfanoni su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Ƙarin ya iso Anka da Gummi da Bukkuyum ba tare da jinkiri ba. Ashe kuɗi ya san hanyar ƙauye!

Mu mutanen Zamfara mun riga mun ga yadda abin yake. A watan Satumba na 2021 aka rufe sabis a jihar nan baki ɗaya saboda yaƙi da 'yan bindiga, har mutane suka riƙa shiga mota zuwa wata jiha don su ji muryar 'yan'uwansu. Ran 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, bankuna suka rikice har a nan gida. A ranakun nan wace waya ce ta ɗakinku ta yi laifi?

Shawararmu ke nan. Wanda ya gyara nasa, ya auna, ya rubuta, ya kai wa kamfaninsa ƙara, ya karɓi lambar shaidar ƙarar. In an yi biris da shi, ya buga 622, layin koke na NCC, kyauta ne. Kada kuma ya tafi shi kaɗai, domin tsinke ɗaya ba ya shara. Sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tebur su tattara littattafan awo na mutanensu, a kai wa 'yan majalisar da muka zaɓa, a ce musu ga alkawari, ga abin da ya iso.

Ɗan'uwanmu na Yargalma mun ce masa ya riƙe geronsa, kada ya sayi sabuwar kwamfuta sai ya yi awon kwana bakwai. Ku ma haka muke gaya muku. Kunne ya ji, jiki ya tsira.