Sharhi: Ruwan Gwarzo da Kabo daga gona yake farawa

 Sharhinmu na yau ya leƙa yammacin jihar Kano, ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo, don duba alaƙar kula da ƙasa da bishiyoyi da ruwan da ake sha.

Wannan yanki ba maraya ba ne a harkar ruwa. Shirin gina madatsun ruwa da ya kankama zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Kano daga 1967 zuwa 1975, ya bar wa yankin dam ɗin Guzuguzu da Magaga da Pada, ga kuma katafaren dam ɗin Challawa a maƙwabciyarsu Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992. Amma da zarar bazara ta kama, sai ka ga guga yana ta kai-komo a rijiya yana fitowa da taɓo, yara da jarkoki sun yi layi a famfon tuƙa-tuƙa, ɗan ga-ruwa kuma ya ƙara kuɗi. Me ya sa?

Amsar tana ƙarƙashin ƙafafunmu. Yammacin Kano a kan dutse yake zaune. Ruwan ƙasarsa a cikin ruɓaɓɓen dutse da tsagogin duwatsu yake maƙalewa, kuma kusan duk daga ruwan sama na watannin damina yake zuwa, daga Yuni zuwa Satumba. Wato ƙarƙashin ƙasa tamkar rumbu ne: abin da aka zuba da damina, shi za a ɗiba da rani. Rijiyar burtsatse, ko da sola aka ɗora mata, ɗiba kawai take yi, ba ta zubawa.

To wa ke zubawa? Ku lura da gona idan an tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya. Inda aka share tas, babu bishiya, babu kara, babu ciyawa, ɗigon ruwa kan daddaɓe fuskar ƙasa ya toshe ta. Nan da nan ruwa ya zama jajawur, ya kwashi taki da ƙasar noma, ya bi hanyar shanu, ya tsaga kwazazzabo, ya zube a rafi. Daga rafi sai dam. A can lakar za ta kwanta, cikin dam ya riƙa cikewa, ruwan da yake ɗauka ya ragu, kuɗin tace shi kuma ya ƙaru. Amma a gindin gawo ko ɗorawa, inda ganye ya ruɓe, gara ta huda ƙasa, saiwa ta buɗe hanya, ruwan kan tsaya ya nutse a hankali. Wannan ruwan da ya nutse shi ne za a jawo a rijiya a watan Afrilu, kuma ƙasa ta riga ta tace shi.

An gwada wannan a ƙasar Hausa, an ga amfaninsa. A jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, tun farkon shekarun 1980, wani masanin noma ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da manoman yankin suka fara abin da ake kira sassaben zamani. Maimakon a sare duk tohon da ya fito daga kututture a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Ba a sayi dashe ba, ba a yi ban-ruwa ba. Da dabarar ta bazu, an ƙiyasta bishiyoyi miliyan 200 sun farfaɗo a fili mai faɗin hekta miliyan 5. A yankin Illela na jihar Tawa kuma, manoma sun riƙa haƙa ramukan tassa da rabin-wata a kan faƙo don tare ruwa, kuma a ƙauyen Batodi ruwan rijiyoyi ya taso har aka kafa lambuna.

Yanzu damar tana ƙofarmu. Kano na cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka ya shafa, tana kuma cikin jihohin Arewa 19 da ke shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 dominsa a Disambar 2021, da burin farfaɗo da hekta miliyan ɗaya. Sai dai kuɗin nan rance ne, 'ya'yanmu za su biya. Don haka kada aikin ya tsaya ga bikin dashen itace da ɗaukar hoto, bayan wata biyu awaki su cinye.

Kuma ba kowace bishiya ce ta dace da ko'ina ba. Turare na da saurin girma, amma mashayin ruwa ne, bai kamata a jera shi a fadama ko kusa da rijiya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2016 kan gonakin Burkina Faso ya nuna ruwa ya fi nutsewa inda bishiyoyi suke warwatse daidai wa daida, ba inda aka share fili ba, ba kuma inda suka cunkushe ba. Ai haka kakanninmu suka bar gawo da kuka da tsamiya a gonakinsu.

Kiranmu shi ne, hukuma ta shata gefen kowane dam da rafukan da ke zuba masa, a dasa gamba da jema su riƙe ƙasa, a tsawatar kan haƙar yashi barkatai da yin bahaya ko feshin magani a bakin ruwa. Hakimai da dagatai daga Getso zuwa Garo su kafa dokar kare toho, su tabbatar wa manomi cewa bishiyar da ya rena tasa ce. A zauna da makiyaya a kan burtali da mashaya, a sama wa mai gawayi wata sana'ar, a kuma sa mata cikin kwamitin ruwa, tunda su suka san ranar da rijiya ta fara ja baya.

Sannan a auna. Kowace mazaɓa ta riƙa rubuta zurfin ruwan rijiyoyinta a ƙarshen rani, shekara bayan shekara, a karanta wa jama'a. Da wannan lissafin za a bambanta aikin da ya ƙara ruwa da wanda ya ƙara allon sanarwa kawai.

Ƙarshen sharhin ke nan. Allah Ya ba mu damina mai albarka. A huta lafiya.